Ƙaurar wani ɗakin zanen katun na Kaduna daga Windows zuwa Linux: nazarin yadda abin ya kasance

Ɗakin aikin da wannan nazari ya shafa yana saman wani bene ne a Unguwar Rimi, cikin garin Kaduna, kuma mutum biyar ke neman abincinsu a cikinsa. Akwai mai wurin, wanda shi ke fita neman kwangila yana kuma rubuta labari, akwai saurayi da budurwa masu motsa 'yan katun, akwai mai ƙera siffofin gine-gine, sai kuma mai haɗa bidiyo da sauti. Aikinsu kashi biyu ne. Suna yin gajerun katun da Hausa don wayar da kan yara a kan tsafta da lafiya, suna kuma yi wa masu gina rukunin gidaje hoton yadda gidan zai kasance tun kafin a ɗora bulo ɗaya a kan wani. Ni ne mai gyara musu kwamfutoci tun da suka buɗe wurin, saboda haka abin da zan bayyana na gan shi da idona, kuma babban kuskuren da ke cikin labarin daga hannuna ya fito.

Abin da ya tayar da maganar shi ne ƙarshen wa'adin Windows 10, wanda kamfanin Microsoft ya daina ba shi sabuntawar tsaro ta kyauta a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutoci huɗu ne a ɗakin, kuma uku daga cikinsu na hannu ne da aka sayo a shagunan titin Ahmadu Bello, masu ƙwaƙwalwar Intel zubi na shida da na bakwai. Windows 11 kuwa yana neman TPM 2.0, wani sashen tsaro da ke cikin kwamfuta, da ƙwaƙwalwa daga zubi na takwas zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan da aka keɓe. Ke nan kwamfuta ɗaya ce tak ta cancanci hawa, wato sabuwar da mai haɗa bidiyo ke amfani da ita. Sauran ukun lafiyarsu ƙalau, suna aiki daga safe har dare, babu abin da ya same su sai rashin shiga jerin sunayen da aka amince da su. Akwai kuma dalili na biyu wanda mai wurin bai cika son a ambata a gaban baƙi ba: wasu daga cikin manhajojin da ke kan tsofaffin kwamfutocin ba na lasisi ba ne, kuma wata ƙungiya da ta fara ba su aiki ta sa sharaɗi a takardar yarjejeniya cewa dole kayan aikin su zama na halal.

Da ya kira ni muka zauna a kan shawarar komawa Linux, wani tsarin gudanar da kwamfuta na kyauta da zai iya maye gurbin Windows, tambayarsa ɗaya ce: "Injiniya, in muka koma wannan Linus ɗin da kake ta faɗa, aikinmu zai tsaya ko ba zai tsaya ba?" Na ce masa, "Yallaɓai, na katun ba zai tsaya ba, domin Blender muke amfani da ita kuma tana gudana a kan Linux kamar a gidan ubanta." Wannan amsa gaskiya ce, amma rabin gaskiya ce, domin na amsa masa a kan manhajar da na fi sani, ban tsaya na ƙirga sauran abin da ke cikin ɗakin ba.

Ga yadda lissafin yake in an yi shi da kyau. Blender manhajar ƙera siffofi da motsa katun ce, ta kyauta mai buɗaɗɗen tushe tun 2002, lokacin da Ton Roosendaal na ƙasar Holan ya jagoranci tara yuro dubu ɗari aka fanso ta daga hannun masu hannun jari, kuma ana fitar da ita don Windows da Mac da Linux lokaci ɗaya. Krita, wadda budurwar ke zana fuskoki da bangon labari da ita, ita ma haka take. Maya da Houdini da Nuke duk suna da sigar Linux, shi ya sa manyan kamfanonin fim na Amurka da Ingila suka daɗe suna gudanar da ayyukansu a kansa, ko da yake Maya ta fi sabawa da dangin Red Hat irin su Rocky Linux. To amma 3ds Max, wadda mai ƙera gine-gine ya yi shekaru yana aiki da ita, Windows kaɗai ta sani. After Effects da Premiere da Photoshop kuwa a kwamfuta Windows da Mac ne iyakarsu, haka ma ZBrush. Da na rubuta wannan jeri a takarda tun ranar farko, da an kauce wa rabin wahalar da aka sha.

Na zaɓi Linux Mint 22, wanda aka gina a kan Ubuntu 24.04 kuma zai ci gaba da samun kulawa har 2029, saboda fuskarsa ta yi kama da ta Windows, wanda ya saba da can ba zai ɓata ba. Girka shi bai ɗauki wani dogon lokaci ba. Na kwashe fayiloli zuwa faifan ajiya na waje a ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na goge kwamfutocin uku a ranar Asabar, zuwa la'asar duk sun tashi. Wannan shi ne sashe mafi sauƙi na aikin gaba ɗaya, kuma shi ne wanda mutane suka fi jin tsoro.

Matsala ta farko ta bayyana ranar Litinin da safe. Saurayin ya girka Blender daga rumbun manhajojin Mint da kansa, yana ganin ya taimaka, sai ya samu siga 4.0, alhali aikin da ke hannu an fara shi ne da 4.2. Wannan bambanci ba na lamba ba ne kawai, domin a 4.2 aka sake gina EEVEE, injin da ke lissafa haske da inuwa cikin sauri, saboda haka fitowa ɗaya za ta iya ba da haske iri biyu a sigogin biyu. Katun ɗin da rabinsa ya fito da wani haske, rabi da wani, ko yaro zai lura da shi. Maganin bai da wuya. Na sauko da 4.2 daga shafin Blender sau ɗaya, na kwance ƙunshin a folda, na zaga da shi a filas zuwa sauran kwamfutocin, tunda ba ta bukatar girkawa, buɗe ta kawai ake yi. Hakan ya rage mana kuɗin data, ya kuma tabbatar da cewa kowa siga ɗaya yake riƙe da ita. Saitin da kowa ya saba da shi da ƙananan manhajojin ƙari na kwafo su daga tsohuwar foldar AppData zuwa foldar .config, duk suka tashi in ban da ɗaya da aka yi ta don Windows kaɗai, wadda muka haƙura da ita.

Ta biyu ta fi cin rai. Babbar cikin tsofaffin kwamfutocin tana ɗauke da katin hoto na NVIDIA, kuma da shi ake yin rendarin, wato aikin da kwamfuta ke yi na lissafa kowane firem har ya zama hoton ƙarshe. Da aka buɗe saitin Cycles, ɗaya injin rendarin na Blender, sai aka tarar babu katin a ƙarƙashin CUDA, babu shi a ƙarƙashin OptiX, wato hanyoyi biyun da take amfani da katin NVIDIA, kamar an zare shi daga cikin akwatin. Dalili shi ne Linux yana tashi da farko da direban nouveau (direba shi ne manhajar da ke sarrafa katin), wanda ya isa ya nuna hoto a allo amma ba ya buɗe wa Blender ƙofar yin lissafi da katin. Na girka direban NVIDIA na asali, na tafi sallar azahar na bar saurayin ya sake kunna kwamfutar. Da ta tashi sai ta nuna masa wani shuɗin allo mai rubutun da bai saba gani ba, shi kuwa ya danna ya wuce. Wannan allon shi ne inda ake rajistar mabuɗin direban da Secure Boot, tsarin tsaron da ke tantance abin da zai tashi tare da kwamfuta, kuma in an tsallake shi, direban yana cikin kwamfuta amma ba za a bari ya tashi ba. Na yi kusan yini ina neman laifi a inda babu shi kafin ya ce mini, "Yaya, ɗazu fa wani shuɗin abu ya fito, na ɗauka ba komai ba ne." Ban ga laifinsa ba, domin ni ne ban gaya masa ya jira ba. Muka sake rajistar, umarnin nvidia-smi ya nuna katin, Cycles ma ta gan shi. Daga baya na kashe barcin da kwamfutar ke yi in an bar ta, saboda mun lura in ta farka wani lokaci katin ba ya amsawa sai an sake kunna ta.

Inda na fi son mai karatu ya tsaya shi ne batun fayiloli, domin nan ne ainihin ƙaurar take. Da budurwar ta buɗe kashi na uku na katun ɗin wanke hannu, sai ta ga yaron labarin da mahaifiyarsa da randar ruwa da tabarma duk sun rikiɗe sun zama ruwan hoda mai ɗaukar ido. Ta yi salati, ta ɗauka aikin wata biyu ya lalace. Ba abin da ya lalace. Wannan launi shi ne yadda Blender ke sanar da cewa ta nemi hoton da ake lulluɓa wa siffa ba ta same shi ba. Shekara da shekaru ana ajiye aikin da cikakken adireshi irin na Windows, wanda ke farawa da harafin D, Linux kuwa bai san wani faifai mai suna C ko D ba, komai nasa daga tushe ɗaya yake rassa. Umarnin Find Missing Files ya dawo da mafi yawansu cikin 'yan mintoci da muka nuna masa sabuwar foldar. Sauran da suka ƙi dawowa su suka koya mana darasi na biyu: Windows ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, Linux kuwa yana bambantawa, saboda haka "Riga.png" da "riga.png" abu ɗaya ne a can, abu biyu ne a nan. Waɗannan sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Bayan an gama muka mayar da dukan adireshin ya zama na dangantaka, wato fayil ya nemi hotonsa daga inda shi kansa yake zaune, muka kuma yanke cewa daga yau sunan fayil ƙananan baƙaƙe ne kawai, babu tazara a tsakani, babu baƙi mai lanƙwasa.

Baƙaƙe masu lanƙwasa sun sake dawo mana ta wata ƙofar. Rubutun da ke fitowa a kan katun ɗin an yi shi ne da wani salon rubutu da ke cikin foldar Windows, wanda ya tafi tare da gogewar. A nan asarar ta zama riba, domin tsohon salon dama ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, dabara ake yi ana ɗiga alama a gefen harafi, abin da ya daɗe yana damuna a kayan da aka ce na koyar da yara ne. Muka ɗauko Andika, salon da cibiyar SIL ta tsara musamman don masu koyon karatu, wanda ke da dukan baƙaƙen Hausa, muka ajiye shi a cikin foldar aikin kanta don kada a sake dogara da abin da ke cikin tsarin kwamfuta. Linux kuma yana zuwa da tsarin kibod na Hausar Nijeriya a cikinsa, sai dai a zaɓe shi kawai.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da suka wuce da sauri. A Mint, in ka danne maɓallin Alt ka ja linzami, taga ce gaba ɗaya ke tafiya, alhali a Blender da wannan maɓalli ake zaɓar zagayen layi a jikin siffa, don haka muka mayar da jan taga kan maɓallin Super. Allon zane na Wacom ya yi aiki da zarar an soka shi, na Huion kuwa sai da aka girka masa direbansa kafin ya fara jin nauyin hannu.

Yanzu ga kuskuren. Kwamfutar mai ƙera gine-gine tana cikin ukun da na goge, kuma na goge ta ne ina mai natsuwa cewa na kwashe dukan fayilolinsa. Na kwashe su kuwa, ba ko ɗaya da ya ɓata. Abin da ban yi tunani ba shi ne fayil mai ƙarshen .max tamkar akwati ne da 3ds Max kaɗai ke riƙe da mabuɗinsa. Ba a yi mako uku ba sai ga wani Alhaji da aka yi wa hoton rukunin gidaje a hanyar Millennium City ya dawo, yana son a sauya launin rufin kwano, a ƙara masallaci a kusurwar gabas, a faɗaɗa ƙofar shiga, kuma yana so kafin ya gana da masu zuba kuɗi a mako mai zuwa. Aikin da a da yini ɗaya ya ishe shi, yanzu ga fayil a hannu, babu abin buɗe shi. Na ɓata kwana biyu ina gwada Wine, manhajar da ke fassara wa Linux bukatun manhajojin Windows, wadda takan yi nasara da ƙananan manhajoji da wasanni masu yawa, amma a hannuna ko girkawar ba ta kammala ba. Da na yi wa kaina adalci tun a daren farko, da na san cewa manhaja mai girma haka, mai jingine da tsarin lasisi da direban katin hoto, ba a ɗora kwangilar mutane a kan sa'ar da za a iya samu da ita.

Mai wurin bai ɗaga mini murya ba. Ya dai ce, "Injiniya, ai da ka ce mu fitar da kayan kafin a rushe ɗakin." Maganarsa daidai ce, ba ni da abin cewa. Abin da muka yi shi ne ya biya lasisin 3ds Max na wata ɗaya, da dala, a lokacin da kowa ya san yadda canji yake, aka girka ta a kan kwamfutar da ta rage a Windows. Mai ƙera gine-gine ya gama wa Alhaji gyaransa a can, sannan ya yi amfani da sauran kwanakin watan yana buɗe tsofaffin ayyukansa ɗaya bayan ɗaya yana fitar da su a tsarin FBX, nau'in fayil ɗin da Blender ma ke iya buɗewa. A nan ma sai da muka gane iyakar abin. FBX yana ɗauko siffa da ƙasusuwan motsi da motsin da aka riga aka daskarar, amma ba ya ɗauko matakan da aka bi aka gina siffar, kuma kayan lulluɓi da aka haɗa da V-Ray, injin rendarin da yake amfani da shi a 3ds Max, ba sa tsallakowa yadda suke, sai an sake haɗa gilashi da fenti da tayil a cikin Blender. Akwai kuma batun ma'auni, domin Blender da mita take awo, wasu tsofaffin fayilolin kuwa da inci aka yi su, wasu da santimita, har wani gida ya shigo bai kai akwatin ashana ba. Sai da ya riƙa auna tsayin ƙofa a kowane fayil kafin ya amince da shi.

Shi wannan bawan Allah shi ya fi kowa ɗaukar nauyin ƙaurar, kuma ina ganin ba a yi masa adalci ba da aka yanke shawarar ba tare da an zauna da shi sosai ba. Masu katun sun sauya gida ne kawai, kayan aikinsu na nan yadda suka san su. Shi kuwa an karɓe masa abin da hannunsa ya saba da shi shekaru, aka ce ya koma ɗalibi a gaban ƙannensa. Ya koya, domin mutum ne mai haƙuri, kuma saurayin ya zauna da shi kullum bayan la'asar yana nuna masa, amma watanni biyu na farko aikin da yake gamawa a yini sai ya kai shi uku.

A ɓangaren haɗa bidiyo ban maimaita gaggawar ba. Na gwada DaVinci Resolve a kan ɗaya daga cikin kwamfutocin Linux don in ga ko za ta maye gurbin Premiere, sai na tarar sigar kyauta a Linux ba ta karanta bidiyon H.264, wanda shi ne abin da yawancin wayoyi ke ɗauka, kuma ba ta karanta sautin AAC. Masu ba da murya kuwa sau da yawa da waya suke naɗowa su turo. Ana iya juya fayilolin da ffmpeg zuwa DNxHR da WAV, na kuma rubuta ɗan umarnin da ke yin hakan, amma fayilolin suna kumbura su cinye faifai, kuma ƙarin mataki ne a kan mutumin da kullum shi ne na ƙarshe kafin a miƙa aiki. Ga kuma tarin ayyukan After Effects na shekaru da babu wata manhaja a Linux da za ta buɗe su. Shawarar da na bayar, wadda mai wurin ya karɓa, ita ce a bar wannan kwamfuta a Windows 11 da lasisinta na halal. Wasu abokaina masu kishin Linux sun ce ƙaurar ba ta cika ba ke nan. Ni kuwa ban ga dalilin da zai sa a takura wa mai aiki don a samu damar cewa an gama da Windows ba, tunda ba don wannan aka fara ba.

Abin da ya fi ba ni gamsuwa shi ne yadda kwamfutocin huɗu suka koma aiki tare da dare. Katun na minti biyar, a firem 24 kowace daƙiƙa, firem 7,200 ne, kuma a da kwamfuta ɗaya ke ɗaukar wannan nauyi tana fitar da bidiyo kai tsaye, in aka ɗauke wuta inbata ta gaza kafin asuba sai a faro daga farko. Yanzu akwai folda ɗaya da aka raba ta manhajar Samba, wadda Windows da Linux duk suke gani, kuma kowane firem hoton PNG ne mai zaman kansa. Mun cire alamar Overwrite muka sa ta Placeholders, saboda haka kowace kwamfuta takan kama firem ɗin da ba wanda ya taɓa, ta ajiye alama a kansa, sauran su tsallake shi. In wuta ta yanke, abin da aka yi asara bai wuce firem huɗu ba, sai dai da safe a nemo fankon fayilolin da aka bari a goge su kafin a ci gaba, in ba haka ba za a samu giɓi a tsakiyar motsi. Wannan dabara tana cikin Blender tun da daɗewa kuma tana aiki a Windows ma. Ƙaurar ce dai ta tilasta mana gyara adireshin fayiloli, gyaran kuma shi ya ba da damar yin ta. Saurin rendarin a kan kwamfuta ɗaya bai sauya yadda zan yi bugun ƙirji da shi ba.

A halin da ake ciki, kashi na huɗu da na biyar na katun ɗin an yi su ne gaba ɗaya a kan Mint, an kuma miƙa su a kan lokaci. Duk aikin gini da aka gama yanzu ana ajiye shi da fayil ɗinsa na Blender, da kwafin FBX, da hotunan lulluɓinsa a folda ɗaya, a faifai biyu, ɗaya a ofis ɗaya a gidan mai wurin. Akwai tsofaffin fayilolin .max guda tara da watan lasisin ya ƙare ba a kai gare su ba, kuma mun rubuta sunayen masu su a takarda mun manna a bango, domin duk ranar da ɗayansu ya dawo neman gyara, sai an sa kuɗin lasisin wata ɗaya a cikin farashin da za a gaya masa. Mai haɗa bidiyo ya fara gwada haɗa ƙananan fitowa a cikin Blender in aiki ya yi sauƙi, amma maganar taɓa kwamfutarsa mai wurin ya ce a bar ta sai an ga yadda ya saba.